Ranar da Rokar Wafa Ta Tashi

Shafi na 12

Masu aiko mini da saƙo cewa na bar ku a tsaye, ku yafe ni. Da yatsa ɗaya nake rubutu, kuma wannan shafin ya fi sauran nauyi. Ga shi yadda na tuna shi.

Labarin ya same ni ranar ƙarshe ta zaman makokin mijina Yahya, Abu Bandar. Ina zaune a ƙuryar falo cikin fararen kaya, kamar yadda matan Jidda ke yi, mata sun cika gidanmu na Nuzla har bakin matakala, ana zagayawa da ƙahwa da dabino. Wayata ta yi motsi a ƙarƙashin matashi. Na duba, Wafa ce, 'yata da ke Amurka, wadda ke aiki a wani kamfani mai ƙera roka.

Saƙon murya ne. Na lallaɓa ɗakin girki, na tsaya a bayan firij, na kara wayar a kunne.

"Ummi, sun sa rana. Halas, shi ke nan, Alhamis ta sama rokar za ta tashi. Kuma sun ba ni kujera a cikin ɗakin, ni zan riƙa duba ƙafafunta idan ta zo sauka. Ki sa wa Abuya wannan a kunne. Abuya, kana ji? Rokarka ta gama shiri."

Tana magana tana dariya, Hausar na ƙwace mata tana faɗawa Larabci, kamar yadda take yi tun tana ƙarama idan murna ta kama ta. Na saurara har ƙarshe. Sai na samu kaina ina murmushi, da fararen kayana, a bayan firij.

Wafa ba ta san ubanta ya rasu ba.

Ga wadda ta shigo a tsakiya, ga yadda aka yi. Abu Bandar mai gyaran jikin mota ne. Warsharsa, wato garejinsa, tana Karantina kafin a rushe unguwar, kuma a gindin warshar nan Wafa ta tashi, tana miƙa masa guduma. Mutum ne da ba ya jefar da komai. Ranar da ta gaya masa cewa yawancin rokoki sau ɗaya ake amfani da su a bar su su nutse a teku, ya ce wannan almubazzaranci ne, Allah zai tambaye su. Da ta ce tasu ba haka ba ce, za ta kai kaya sama ta dawo ta tsaya a kan ƙafafunta, a wanke ta a zuba mata mai ta sake tafiya, sai ya mayar da rokar tasa. Babu wanda bai ba labarinta ba a masallaci. Har tsofaffin hara, wato unguwarmu, suka sa masa suna Abu Sarukh, don haka yaranmu ke kiran roka da Larabci.

Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, harshensa ya yi nauyi. Ana gobe zai rasu ya sa aka kira ni da ɗanmu Bandar da Fatsuma, yayar mijin nawa, a gefen gadon asibiti. Ya daɗe yana kokawa da maganar kafin ta fito.

"Kada ku gaya mata sai abin nan ya tashi. Ko ta zo, ƙasa za ta tarar."

Ya ce shekarunta duk ta zuba su a ƙafafun nan, idan ta ji za ta bar kujerar ta hau jirgi, ga shi a nan kafin jirgi ya sauka an yi salla an rufe. Bai sake mu ba sai da kowa ya ce ya ji. Na ce na ji.

Bandar ya ɗauki abin kamar aikin gwamnati. Gida gida ya bi a hara, ya roƙi kowa kada a sa hoton marigayi a sitatus, kada a rubuta ta'aziyya a inda Wafa za ta gani. Da yake tun da ciwon ya kama uban ba ya iya magana a waya, sai dai ya saurara, Bandar ne ke amsa mata a rubuce. Ni na gaya musu tun farko cewa zan yi shiru, amma bakina ba zai yi mata ƙarya ba. Sai na daina ɗaukar kira. Nakan tura mata gajeren saƙo, ina lafiya, Allah ya dafa miki. Ita kuma aiki ya sha kanta, a ofis ma take kwana, ba ta lura ba.

Mun ɗauka kwana kaɗan ne.

Alhamis ta zo, aka ɗaga, wai iska ta yi ƙarfi a can sama. Aka sa wata rana, aka sake ɗagawa, wai wani famfo a cikinta ya ƙi rufewa. Maƙwabciyarmu Jamilatu, wadda ta zo umra daga Gusau ta zauna tana sayar da masa, ta ce ashe su ma telolin kasuwar Bab Makka ne, kullum dawo gobe.

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba. Duk ɗagawa ɗaya, nauyi ne ake ƙara mini. Na ce wa Yaya Fatsuma shi fa bai san za a yi ta ɗagawa ba, mu gaya mata kawai. Ta ce wasiyya ba ta da ɗagawa, bai ce sai Alhamis ba, cewa ya yi sai ta tashi.

Sai ga saƙon Wafa na uku. Ta ce wannan karon da gaske ne, an gyara komai. Kuma da zarar rokar ta sauka za ta kira mu kiran bidiyo, tana so ta ga fuskar Abuya, ta ga tawa.

A nan rigimar ta tashi.

Yaya Fatsuma ta zaunar da ni ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa. Ina cikin takaba. Farar riga, farin ɗankwali, kunne babu ɗan kunne, hannu babu lalle babu awarwaro, ba turare ba kwalli. Ko madubin ɗakina ita ta rufe shi da zane tun ranar farko, ta ce haka iyayensu ke yi. Ta ce ko makaho ya gan ni haka ya san me ya faru, balle Wafa. Ta buɗe sif ɗina ta ciro atamfata mai ruwan goro da 'yan kunnena na zinari, ta ajiye a kan gado.

"Ki sa su na ɗan lokacin kiran, Zubaida. Ana gamawa ki cire."

Na ce ba zan sa ba.

"Wasiyyarsa ce fa."

"Takabar ma tasa ce, Yaya."

Ta ce ni dai da taurin kai aka haife ni, ƙanenta ya yi haƙuri da ni. Na ce ita ma ai mijinta ya yi haƙuri, Allah ya jiƙansa. Ta ce so nake in ɓata wa yarinya ranar da ta fi kowace rana. Na ce ranar ai idan rokar ta sauka wasiyya ta ƙare, me ya rage? Ta ce a'a, a bar ta ta yi murnarta ta kwana da ita, washegari Bandar ya kira ta a tsanake, a sa wata ƙawarta ta zauna kusa da ita. Ba a jefa wa mutum mutuwar uba yana tsakiyar tsalle a cikin baƙi.

Wannan kam na ga gaskiyarta. Amma atamfar ba zan sa ba.

Jamilatu ce ta raba mu. Tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon masa, ta ce mu 'yan Jidda wani lokaci sai a hankali, abu yana gabanmu muna neman sa a nesa.

"Ta sa abaya ta ɗaura niƙabi mana. A ce maza na shige da fice. Ba ta yi ado ba, ba a ga farin kaya ba. Shi ke nan."

Muka dubi juna ni da Yaya Fatsuma. Rabona da dariya tun asibiti, amma ranar na yi. Yaya ta ce wa Jamilatu da ta yi boko da ita za ta ƙera rokar. Aka shirya cewa idan Wafa ta nemi ubanta, Bandar zai ce yana saman bene wajen maza, shabaka, wato sabis ɗin waya, ba ta kaiwa can. Kowa ya tashi yana ganin mun gama dabara.

Ranar ta zo, bayan la'asar ɗinmu, safiyarsu.

Ban taɓa tsammanin mutane za su taru haka ba. Bandar ya aro majigi wurin abokinsa ya kafa a saman bene, ya rataya farin zanen gado a bango saboda maza. Mu mata muna falo gaban talabijin. Mutanen Karantina da rushe-rushe ya watsa, wasu ban gan su ba tun ranar da muka kwashe kaya, sai ga su suna hawowa matakala suna haki. Kowa cewa yake ya zo ya ga rokar Abu Sarukh. Wata tsohuwa ta ce ita ta yi wa Wafa kitso ranar da za ta fara makaranta, don haka a ba ta gaba. Aka ba ta.

Yaya Fatsuma ta tsaya a tsakiya ta kafa doka. Ta ce gidan makoki ne, a kalla a yi addu'a, amma kada ta ji guɗa. Ta dubi Jamilatu tana faɗa. Jamilatu ta ce me ya sa ake kallon ta.

Bandar ya tsaya a bakin ƙofar falo da wayarsa, shi ne mai fassara, yana juya Turancin zuwa Larabci, yana juya Larabcin zuwa Hausarsa mai ɗingishi.

Sai aka nuno ta.

Doguwa ce kamar hasumiyar masallaci, fara tas, tana tsaye a bakin teku, wani farin hayaƙi na zubowa daga jikinta kamar na ƙanƙarar da aka fito da ita daga firiza. Bandar ya nuna mana wasu baƙaƙen abubuwa da ke manne a gindinta, a naɗe kamar ƙafafun fara. Ya ce waɗannan su ne aikin Wafa.

Tsohuwar nan ta ce duk wannan karatun, ƙafa kawai aka ba ta? Jamilatu ta ce Hajiya, ke da ƙafa ta hana ki hawa matakala ai kin san darajarta.

Agogo na gudu a ƙasan allon. Can sai ya tsaya. Falo ya yi tsit. Bandar ya ce sun dakata, suna duba wani abu. Na ce a raina, ya Allah kada a sake ɗagawa, ba zan iya ƙara ko kwana ɗaya ba. Yaya Fatsuma ta kama hannuna ta matse, ashe ita ma abin da take roƙo ke nan.

Agogon ya ci gaba.

Daga saman bene muka ji maza sun kama ƙirga da Larabci da murya ɗaya, har da limamin hara. Matan falo suka kama. Ni ba na ƙirgawa, salati nake yi.

Wuta ta fito daga ƙarƙashinta, hayaƙi ya tashi ta ko'ina ya rufe rabinta. Ta tsaya cik. Na ce shi ke nan, ta ƙi. Wata ta ce nauyi ya yi mata yawa. Sai na ga kanta ya wuce ƙarfen da ke gefenta a hankali, kamar tsohuwa mai tashi daga tabarma. Sai ta ƙara. Sai ta miƙe.

Wallahi ban san abu mai girma haka zai iya barin ƙasa ba.

Ƙarar ta cika falon har tagogi na rawa, ko da yake rabin ƙarar ta maza ce, suna buga ƙafa a kanmu suna kabbara. Rokar ta yi ta hawa da doguwar wuta a bayanta, ta shiga gajimare ta fita, ta zama kamar allura. Aka juya hoton, sai ga shi muna kallo daga jikinta, ƙasa na ja da baya, teku ya lanƙwashe, sama ta yi baƙi da rana tsaka. Tsohuwar ta ce a'uzu billahi, dare ya yi musu. Bandar ya ce a'a Hajiya, can haka yake kullum.

Can sai ta rabu biyu. Mata suka yi salati, suka ɗauka karyewa ta yi. Bandar ya ɗaga hannu ya ce da gangan ne, kan zai wuce da kaya, gindin ne zai dawo gida. Ya ce yanzu ne aikin Wafa zai fara.

Na tashi tsaye. Ban san na tashi ba.

Gindin ya juyo, ya kama faɗowa. Faɗowa fa ta gaske, kamar dutsen da aka saki daga saman bene. A ƙasa aka nuno wani faffaɗan jirgin ruwa a tsakiyar teku, babu kowa a kansa, ruwa na jijjiga shi. Bandar ya ce a nan za ta tsaya. Jamilatu ta ce a kan wannan faifan? Ita ko masa ba za ta iya jefawa daga nan ta faɗa kansa ba.

Wuta ta sake kamawa a gindinta. Gudun ya ragu. Tana matsowa, tana matsowa, ƙafafun suna nan a naɗe. Na ji bakina yana cewa buɗe, buɗe mana, 'yar nan buɗe. Ban san da wa nake ba, da rokar ko da Wafa.

Sai suka buɗe. Gaba ɗaya, a tare, kamar laima.

Hayaƙi ya rufe allon, hoton ya daskare. Babu wanda ya yi numfashi. Har maza a sama sun yi shiru. Bandar yana ta girgiza wayarsa kamar laifinta ne.

Hoton ya dawo. Iska ta janye hayaƙin.

Tana tsaye.

Ta yi baƙi da ƙuna, tana hayaƙi, jirgin na lilo da ita, amma tana tsaye a kan ƙafafunta.

Guɗa ta tsage falon. Na juya in ga Jamilatu, sai na ga Jamilatu ta toshe bakinta da hannu biyu. Yaya Fatsuma ce. Ta saki guɗa irin wadda ban ji ta yi ba tun bikin Bandar, hawaye na bin fuskarta, tana cewa Yahya ka gani, ba a jefar ba. Daga nan doka ta karye. Mata suka rungume juna, aka kifar da tiren ƙahwa, maza suka sauko da gudu har matakala na girgiza. Aka nuno wani babban ɗaki cike da mutane suna tsalle, a can gefe ga wata mai shuɗin mayafi ta dafe kai da hannu biyu. Bandar ya manna yatsa a allon yana kiran sunanta. Nan take aka ɗauke hoton, amma na gan ta. 'Yata ce.

Ni ma na yi tsalle, da takabata. Ba zan ɓoye muku ba.

Ba a jima ba wayata ta kama ƙara.

Yaya Fatsuma ta share fuska da sauri, ta jefa mini abaya, ta ɗaura mini niƙabi da hannunta, ta ja har ya rufe farin ɗankwalin. Ta kori mata zuwa gefe, ta ce kowa ta yi fara'a. Bandar ya danna.

Fuskar Wafa ta cika wayar, jiƙe da hawaye, a bayanta Turawa na ihu suna dukan tebur.

"Ummi, kin gani? Ta tsaya. Wallahi ta tsaya."

Na ce na gani, duk Karantina ta gani. Na juya mata wayar ta ga falo, mata suka yi ta ɗaga hannu suna sa mata albarka, tsohuwar na tuna mata kitso. Tana dariya tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ƙafa ɗaya ta makara da ƙiftawar ido, ranta ya kusa fita.

Sai ta ce yalla, a yi sauri a ba Abuya.

Bandar ya leƙo ya ce yana sama wajen maza, shabaka ba ta kaiwa. Ta yi dariya ta ce wa ya hau da shi matakalar nan? Ya ce a kan kujera suka ɗauke shi. Ta ce lalle Abuya, to a sauko da shi, tana jira. Ta tambaya me ya sa na rufe fuska a cikin gidana. Yaya Fatsuma ta amsa daga gefe cewa maza ne ke shige da fice. Ta ce to.

Har na fara jin sanyi a raina.

"Ummi, matso da wayar, ba na ganin ki sosai."

Na matso da ita.

Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta dube ni, ta daɗe. Sai na ga hoton yana girgiza, tana tafiya. Ta tura wata ƙofa, ihun ya yanke, ta tsaya a wani dogon lungu mai farin haske, ita kaɗai.

"Ummi, ina kwallinki?"

Mun rufe riga. Mun rufe kunne, mun rufe hannu, mun rufe baki. Wuri ɗaya niƙabi ke bari a buɗe, kuma shi ne wurin. Su Yaya sun saba ganin idona haka tun ranar rasuwa, ni kuma madubina a rufe yake. Babu wadda ta tuna a cikinmu.

Yaya Fatsuma ta ce ƙarewa ya yi, ba a samu zuwa Bab Makka ba.

"Gwaggo, ba da ke nake ba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ranar da aka rushe gidanmu, Ummi da kwalli ta fito. Ranar da za a yi mata tiyata sai da nas ta goge mata shi. Ummi, ɗaga niƙabin."

Yaya ta riƙe mini gwiwar hannu. Na zare hannuna. Na ɗaga.

Ta ga farin ɗankwalin.

Ba ta yi ihu ba. Ta jingina da bango, ta zame har ƙasa, wayar na kallon rufi. Na ji tana inna lillahi a hankali, tana maimaitawa. Falonmu da ke cike da mata ya zama kamar babu kowa. Da ta ɗago wayar, idonta a bushe yake.

"Yaushe?"

"Tun kafin a sa ranar farko."

"Saƙonnin da nake turo masa fa?"

"Ni nake saurara."

Ta tambaya to wa ke rubuto mata cewa Abuya ya ji, Abuya ya yi dariya, Abuya ya ce a ƙara ɗaure ƙafar hagu. Bandar ya sunkuyar da kai ya fita daga falon.

Na gaya mata komai yadda ya faru. Asibitin, da kiran da ya yi mana, da maganar da ya faɗa da nauyin harshensa. Na gaya mata bai sha wuya ba a ƙarshe, an yi masa salla da mutane masu yawa. Na ce saboda ke ya yi, don ki zauna a kujerarki. Kuma ga shi kin zauna, ta tsaya.

Ta ce, "Waɗannan da ke bayanki duk sun sani?"

Na ce sun sani.

"Mai kitso ta sani. Mai masa ta sani. Kowa ya yi masa addu'a ranar, ni ina nan ina aiko masa da wasa." Ta matso da wayar kusa da fuskarta. "Shi ba shi da lafiya, Ummi, ya faɗi abin da ya faɗa. Ke fa?"

Har yau ban samu amsar da za ta ishe ta ba.

Wani ya buɗe ƙofar lungun, ihun ya sake shigowa, ana kiran sunanta ana tafi, wai ta zo a ɗauki hoto. Ta juya ta dube su, ta juyo ta dube ni.

"Yanzu idan kin ce mini kina lafiya, ta yaya zan sani?"

Ta kashe.

Mata suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba sallama. A talabijin ana ta maimaita saukar, ƙafafun na buɗewa, suna sake buɗewa. Babu wanda ya iya tashi ya kashe.

Tun ranar ba ta ɗauki kiran kowa ba. Bandar ta rufe lambarsa. Tawa ba ta rufe ba, amma ba ta amsawa. Na fita takaba. Rokar nan da ta yi baƙi an wanke ta ta sake tashi ta dawo, Bandar ya nuna mini a waya. Ban ga mai shuɗin mayafi ba, ban sani ba ko tana ɗakin.

Abin da nake yi yanzu, kullum bayan la'asar, lokacin da take tashi daga barci a can, nakan zauna in danna wayar in ba ta labarin ranar. Duka, mai daɗi da marar daɗi. Famfon banɗaki ya fashe. Matar Bandar ta yi ɓari. An kama Jamilatu ba iƙama, wato takardar zama, an mayar da ita gida. Sukarina ya hau, likita ya ƙara mini ƙwaya. Na dafa miyar kuka ta yi gishiri. Ba na roƙon ta, ba na cewa ta yafe. Labari kawai, in tura.

Bandar ya koya mini cewa idan 'yar alamar nan ta gefe ta zama shuɗiya, to an saurara. Wani lokaci sai ta kwana biyu kafin ta canza. Amma tana canzawa.

Yau ma na tura. Na ce mata an kwantar da Gwaggo Fatsuma, likita ya ce ciwon ya bazu a jikinta, da wuya ta kai azumi. Na ce mata Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce kada in gaya wa Wafa.

Ban kai ga ajiye wayar ba alamar ta yi shuɗi.